Nazarin lamari: yadda wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta tantance takardar auna ingancin rayuwa da ta fassara

## Yadda matsalar ta faro

Cibiyar ta masu zuwa a duba su su koma gida ce, ba a kwantar da kowa a cikinta. Mafi yawan masu zuwa suna fama da ciwon damuwa mai tsanani, ko yawan fargaba, ko ciwon da ke sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu shi. Wasu sun shekara da shekaru a kan magani, duk wata sai su zo su karɓa. Kaɗan ne daga cikinsu ke karanta Turanci, kuma akwai da dama da ko harshensu ba sa iya karantawa da sauri.

An daɗe ana auna alamomin ciwo kawai, galibi da PHQ-9, takarda mai tambaya tara da Kroenke da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 don auna ciwon damuwa. Sai hukumar gudanarwa ta nemi sanin wani abu daban: ko rayuwar mutanen ma tana gyaruwa. Mutum yana iya daina jin muryoyi, barci ya dawo masa, amma ya wuni a ɗaki ba aiki ba aboki, ba ya sa ran komai gobe. A takardar alamomi ya samu sauƙi. A ganinsa kuwa yana nan inda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta zo bayyana ingancin rayuwa, a kan ganin mai rayuwar ta ɗora shi: yadda yake kallon matsayinsa cikin al'ada da ɗabi'un da yake zaune a ciki, idan ya auna da burinsa da abin da yake tsammani da abin da ke damunsa.

An duba takardu huɗu. WHOQOL-BREF na da tambaya 26, 24 daga cikinsu a ɓangare huɗu, wato jiki, tunani, hulɗa da mutane da muhalli, kuma an fassara ta zuwa harsuna masu yawa, sai dai ta yi tsawo ga wanda magani ke sa shi gyangyaɗi. EQ-5D gajera ce, amma cikin ɓangarorinta biyar ɗaya kawai ya taɓo damuwa da fargaba. MANSA, wadda Priebe da abokansa suka fitar a 1999, don masu larurar ƙwaƙwalwa aka yi ta, amma amsoshinta mataki bakwai ne, abin da zai yi wuyar riƙewa ga wanda ake karanta wa da baki. Aka tsaya a kan ReQoL-10, wadda masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka jagoranci haɗawa tare da masu larurar kansu, aka wallafa sakamakon tantance ta a 2018. Tambaya goma ce a kan makon da ya gabata, shida an tsara su ta fuskar jin daɗi, huɗu ta fuskar wahala, kowace da zaɓi biyar daga "ko sau ɗaya" (wato abin bai faru ba sam) zuwa "mafi yawan lokaci ko koyaushe". Maki yana tashi daga 0 zuwa 40. Akwai ƙarin tambaya guda a kan lafiyar jiki da ba a haɗa ta cikin jimlar.

Da farko ba a fassara ta a rubuce ba. Ma'aikaciyar jinya za ta riƙe ta Turanci, ta duba jimla, ta faɗa wa mara lafiya da harshensa yadda ta zo mata a baki. Haka aka yi ta tafiya har ranar da aka lura da fayil ɗin wani magidanci da ma'aikata biyu suka cika masa takardar cikin mako guda. Makin farko ya nuna mutum cikin ƙunci, na biyu ya nuna wanda ya kusa warwarewa. Likitansa ya duba bayanan jinya, ba a canza magani ba, ba abin da ya faru da shi tsakani. Da aka binciki wasu fayilolin, sai aka ga ba shi kaɗai ba ne. Aka dakatar da amfani da takardar, aka nemi izinin masu mallakarta don a yi fassara ta ƙa'ida.

## Wata na 1 zuwa na 3: fassara

Aka bi matakan da Beaton da abokanta suka shimfiɗa a 2000, waɗanda kusan kowa ke bi a wannan fanni. Mutum biyu da suka tashi da harshen suka fassara daga Turanci, kowa shi kaɗai. Ɗaya likitan ƙwaƙwalwa ne da ya san abin da kowace tambaya ke nema, ɗaya kuma malamar harshe ce da ba ta san komai game da jinya ba, da gangan, don a samu maganar da jama'a ke yi. Aka haɗa fassarorin biyu suka zama ɗaya. Wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin ta asali ba suka mayar da ita Turanci. Daga nan kwamiti ya zauna, da mafassaran huɗu, da likita, da ma'aikaciyar jinya, da masanin ƙididdiga, suka bi jimla bayan jimla.

Fassarar mayarwa ta dawo kusan daidai da ta asali, kwamitin ya gamsu.

Mataki na gaba a ƙa'ida shi ne a gwada takardar a kan ainihin mutanen da aka yi ta dominsu, a tambaye su abin da suka fahimta. Beaton ta ce mutum 30 zuwa 40. Jagorar 2005 ta ISPOR, ƙungiyar masu binciken tattalin arzikin lafiya da sakamakon jinya, ta rage zuwa 5 zuwa 8 idan za a zauna da kowa a yi hira mai zurfi. A lokacin kwamitin ɗa'ar bincike bai riga ya ba da izinin yin hira da marasa lafiya ba, kuma wa'adin da hukumar gudanarwa ta ɗiba yana ƙaratowa. Sai aka raba takardar ga ma'aikatan cibiyar su karanta su faɗi inda ba su gane ba. Babu wanda ya samu matsala, domin dukansu masu karatu ne da suka saba cike fom. A kwamitin fassarar ma babu mai larura ko ɗaya. Aka rubuta a rahoto cewa an yi gwajin farko.

## Wata na 4 zuwa na 8: gwajin fili na farko

Izinin ɗa'a ya fito, aka fara tattara amsoshi. Ƙa'idar COSMIN, wadda masu bincike a Holan suka jagoranta don auna ingancin irin waɗannan takardu, tana son adadin mutane ya ninka adadin tambayoyi sau bakwai, kuma kada ya gaza 100, idan za a binciki tsarin takarda. Aka wuce 100. Wanda ya iya karatu aka miƙa masa ya cike da kansa a wurin jira. Wanda bai iya ba, ma'aikaciyar da ke duba shi ta karanta masa a ɗakin duba marasa lafiya. Kowa ya amsa PHQ-9 da WHOQOL-BREF ma, tun da dukansu akwai tantacciyar fassararsu a harshen. Bayan kimanin mako biyu aka sake yi wa wasu tambayoyin, galibi ta waya, duk ma'aikacin da ke da sarari shi ke kira.

Adadin farko da ya fito shi ne alfa na Cronbach, ma'aunin da aka sani tun 1951, mai nuna yadda tambayoyin takarda ke tafiya tare. Ana so ya faɗa tsakanin 0.70 da 0.95. Na cibiyar ya haura 0.70 da tazara mai kyau, har aka sanar a taron ma'aikata cewa takarda ta yi.

Sauran alƙaluman ba su bi shi ba. Daidaiton amsa ta farko da ta bayan mako biyu, wanda ake aunawa da ICC, bai kai 0.70 da ake nema ba. Da aka gwada ko tambayoyin goma abu ɗaya suke aunawa, sakamakon ya yi nisa da iyakokin da Hu da Bentler suka ba da shawara a 1999, wato CFI kusan 0.95 da RMSEA kusan 0.06, ma'aunai biyu masu nuna ko amsoshi sun dace da tsarin da ake zato. Tambayoyi huɗun nan na wahala sun ware gefe guda. Wannan shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne, don an saba ganin haka a takardun da suka cakuɗa tambayoyin jin daɗi da na wahala, su kansu masu ReQoL sun ba da rahoton irinsa a ta Turanci. Amma a nan rabewar ta yi yawa, har ana samun wanda ya ce yana farin ciki koyaushe kuma yana kasa jurewa koyaushe. Alaƙar makin da PHQ-9 ta fito a karkace kamar yadda ya kamata, wanda damuwarsa ta yi yawa makin rayuwarsa ya yi ƙasa, sai dai raunin alaƙar ya ba da mamaki. Tambaya ta shida kuwa, wadda ke neman sanin ko mutum ya ji rayuwarsa ba ta da amfani, ita aka fi bari babu amsa, kuma cikin waɗanda suka amsa a gaban ma'aikaciya kusan kowa ya ce ko sau ɗaya.

## Wata na 9: gyare-gyaren da ba su yi ba

Shawarar farko daga ɓangaren ƙididdiga ta zo: a cire tambayoyi biyu da suka fi kawo cikas, a sake lissafi. A kwamfuta an gwada, alƙaluman tsari suka gyaru nan take. Likitoci suka ƙi. Ɗaya daga cikin biyun ita ce ta shida, wadda ba likitan ƙwaƙwalwar da zai yarda a jefar. Ban da haka, izinin da aka samu na fassara ne, ba na sauya gini ba, kuma takarda mai tambaya takwas ba za a iya kwatanta makinta da na kowa a duniya ba. ICC ma ko motsi bai yi ba bayan cirewar.

Shawara ta biyu ita ce a juya tambayoyin wahala su koma na jin daɗi, maimakon kaɗaici a tambayi samun abokan zama. Ita ma ta faɗi a teburin kwamiti, don mutum yana iya zama cikin jama'a kaɗaici na cin sa. An canza abin da ake aunawa ke nan.

Ta uku ta ci mako uku a banza. Aka ɗauko sababbin mafassara biyu suka sake mayar da takardar Turanci, da zaton akwai kuskuren da na farko suka tsallake. Ta sake dawowa tsaf. Fassarar mayarwa ba ta nuna komai sai cewa wanda ya iya harsunan biyu zai iya gano jimlar asali daga fassarar. Ba ta cewa komai game da abin da ya shiga kunnen mutumin da bai yi barci ba, yana zaune gaban wadda ke ba shi allura. An bar jaki ana dukan taiki.

Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ta nemi a raba bayanan gida biyu, waɗanda suka cike da hannunsu da waɗanda aka karanta wa. Da aka raba, sai aka ga alfa ya fi hawa a wajen waɗanda aka karanta wa, amma kuma a wajensu ne ICC ya fi faɗuwa. Wannan ya sa aka koma kan matakin da aka tsallake.

## Wata na 10 da na 11: zama da masu larurar

Aka gayyaci mutane kashi-kashi, kowane zagaye bai wuce takwas ba, maza da mata, matasa da dattawa, masu karatu da marasa shi, masu ciwo iri daban-daban. Mai hirar ba ya cikin masu jinyarsu. Wasu aka ce su amsa suna faɗin abin da ke zuwa musu a rai da ƙarfi. Wasu kuma bayan sun amsa aka bi su da tambaya: faɗa mini wannan jimlar da bakinka, wace rana ka tuna da ka ba da wannan amsar, me ya sa ka zaɓi wannan ba na kusa da shi ba. An jera tambayoyin bisa matakai huɗu da Tourangeau ya bayyana a 1984 cewa mai amsa yana bi: ya fahimci tambaya, ya tuno, ya yanke hukunci, sannan ya sa hukuncin cikin ɗaya daga zaɓin da aka ba shi.

A matakin fahimta jimlolin sun tsira. Tara cikin goma mutane sun maimaita su da ma'anar da ake so. Ɗaya kawai aka taɓa, wadda ke magana a kan yarda da mutane, saboda wasu sun ɗauke ta a kan bashi da ajiya kaɗai.

Ɓarnar tana sauran matakan uku.

Maganar "makon da ya gabata" sau ɗaya aka rubuta ta a saman takarda. Mai karatu idonsa yana komawa can. Wanda ake karanta wa ya ji ta sau ɗaya, kafin tambaya ta huɗu ta ɓace masa. Wata mata ta amsa tambayar kaɗaici tana tunanin shekarar da mijinta ya rasu. Wani saurayi ya amsa ta farin ciki da yadda ya tashi a safiyar ranar. Idan aka sake tambayarsu bayan mako biyu, kowa zai kamo wani lokacin daban.

Zaɓi biyar ɗin ma a rubuce suna jere kamar matakala, ido yana ganin wanne ke sama da wanne. A kunne, na biyu da na uku sun zama abu ɗaya, wasu ma suka sa na uku a ƙasa da na biyu da aka ce su jera. Da yawa sun riƙe na farko da na ƙarshe kawai, suka mai da ma'auni mai hawa biyar ya zama e ko a'a.

Tambayoyin wahala kuma suna haɗa kore biyu a waje ɗaya. A ce wa mutum "na kasa jurewa", sannan a ba shi zaɓin "ko sau ɗaya". Wanda yake jurewa lafiya lau ya kamata ya zaɓi wannan, amma hankalinsa yana gaya masa ana tambayarsa ko yana jurewa, sai ya ce koyaushe. Ga mai fama da ciwon da ke rage saurin tunani, ko mai shan maganin da ke kawo kasala, wannan lissafi ne mai nauyi. Nan aka gano asalin mutanen da suke farin ciki koyaushe kuma suna kasa jurewa koyaushe.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci kafin ya fito shi ne na wanda ke tambaya. Sai a zagaye na biyu, bayan an saba, mutane suka fara faɗi. Wani ya ce ba zai taɓa gaya wa ma'aikaciyar da ke rubutu a fayil ɗinsa cewa ya gaji da rayuwa ba, don ya taɓa kwanciya a asibiti ba da son ransa ba, kuma ba ya son komawa. Wata ta ce tana rage amsoshin jin daɗi da gangan, tana tsoron idan aka ga ta samu sauƙi za a sallame ta, alhali zuwa cibiyar ne kaɗai fitarta. Wasu suna ƙara wa amsa kyau don kada ma'aikaciyar da ta wahala a kansu ta ji kamar aikinta bai yi ba. Waɗanda ɗan'uwa ke rakowa kuma, sau da yawa ɗan'uwan yana zaune a ɗakin. Ba mai cewa yana jin kaɗaici, ko bai yarda da mutane ba, a gaban yayan da ya bar aikinsa ya kawo shi. Wani lokaci ma yayan ne ke amsawa.

Aka zauna da ma'aikatan su ma, ba don a ɗora wa kowa laifi ba. Sun faɗi gaskiya: idan mara lafiya ya yi shiru ko ya kawo labari maimakon zaɓi, ga layi a waje, sai ma'aikaciya ta zaɓa masa wanda ya dace da yadda take ganinsa. Wanda take ganin yana murmurewa, duk inda ya yi jinkiri sai alƙalami ya karkata sama. Wanda take ganin yana cikin hali, ya karkata ƙasa. Amsoshin mutum ɗaya sai su fito sumul suna tafiya tare, alfa ya hau. Bayan mako biyu wani ma'aikacin daban ya kira ta waya da nasa ganin, maki ya canza, ICC ya faɗi. An kuma gano cewa cikin waɗanda aka sake tambaya akwai waɗanda aka canza wa magani tsakani, wato canjin makinsu na gaskiya ne, bai kamata a sa su cikin lissafin daidaito ba.

## Wata na 12: abin da aka canza

A rubutun takardar canjin kaɗan ne. An gyara jimlar yarda da mutane, an sake zaɓen kalmomin zaɓi na biyu da na uku har sai da mutane suka iya jera biyar ɗin daidai ba tare da taimako ba. Mutum biyu daga cikin masu larurar sun shiga kwamiti a wannan karon, kuma kalmomin da aka tsaya a kai daga bakinsu suka fito. An aika gyaran ga masu mallakar takardar kafin a ci gaba.

Mafi yawan canjin a yadda ake gabatar da ita ne. An rubuta wa mai karantawa abin da zai faɗa kalma da kalma. Kafin kowace tambaya sai ya maimaita "a makon da ya gabata". Akwai kati a gaban mai amsa mai akwati biyar, daga wanda babu komai a ciki zuwa cikakke, yana nunawa da yatsa. Idan bai zaɓa ba, a sake karantawa sau ɗaya, idan har yanzu bai zaɓa ba a bar gurbin. Mai karantawa ba ya cikin masu jinyarsa, kuma ana roƙon mai rakiya ya jira a waje.

Tambaya ta shida ta jawo muhawara. Ba za a yi wa mutum alƙawarin sirri cikakke ba, don idan ya nuna ransa na cikin haɗari dole likita ya sani a ranar. Aka yanke cewa za a gaya masa haka tun kafin a fara, a kuma gaya masa cewa amsar tana kai wa ga tattaunawa da likita ne, ba ita ke yanke kwanciya ko sallama ko ƙarin magani ba.

## Wata na 13 zuwa na 18: gwajin fili na biyu

Wannan karon an rubuta hasashe kafin a taɓa bayanai, aka ajiye da kwanan wata. Makin zai yi alaƙa a karkace da PHQ-9, ƙarfinta ba zai gaza 0.50 ba. Zai fi kusa da ɓangaren tunani na WHOQOL-BREF fiye da ɓangaren muhalli. Waɗanda ciwonsu ya tashi kwanan nan za su samu maki ƙasa da waɗanda suka daɗe a daidaice. Ma'aunin Terwee da abokanta na 2007 yana so aƙalla kashi 75 cikin 100 na irin wannan hasashe ya tabbata, yana so mutum 50 ko fiye a gwajin maimaici, wato sake yi wa mutum tambayoyin bayan ɗan lokaci, kuma kada fiye da kashi 15 cikin 100 su taru a mafi ƙarancin maki ko mafi yawansa.

An sake wuce mutum 100. Maimaicin an yi shi bayan kimanin mako biyu, ta hanyar da aka bi da farko, kuma kafin a fara ana tambayar mutum ko halinsa ya canza. Wanda ya ce ya canza, ko aka taɓa maganinsa, ba ya shiga lissafin.

ICC ya haura 0.70. Hasashen duk sun tabbata. Ba a samu taruwa a ƙasa ko a sama ba. Tsarin ya zauna da zarar an yi la'akari da bambancin tambayoyin jin daɗi da na wahala, kamar yadda yake a ta asali. Guraben da ake bari a tambaya ta shida sun ragu, kuma an fara samun amsoshi a tsakiyar ma'aunin. An duba ko mutum biyu masu hali ɗaya suna amsa wata tambaya daban saboda ɗaya ya karanta ɗaya an karanta masa, ba a ga bambancin da zai hana haɗa makinsu ba. Alfa ya tsaya sama da 0.70, amma ya ɗan sauka ƙasa da na gwajin farko.

Abu ɗaya bai kammalu ba. An so a ga ko makin yana hawa bayan wata uku na jinya ga waɗanda suka ce sun samu sauƙi. Ya hau, amma da yawa ba su dawo a lokacin ba, kuma waɗanda ba su dawo ba ba lallai su yi kama da waɗanda suka dawo ba.

## Hukunci

Fassarar farko ba ta lalace ba, jimla ɗaya da zaɓi biyu kawai aka taɓa a ƙarshe. Abin da ya faɗi shi ne ɗaukar takardar da aka gina don mutum ya cike da hannunsa, aka mai da ita hira tsakanin mara lafiya da mai jinyarsa, ba tare da an tsara hirar ba. Fassarar mayarwa ba za ta iya ganin wannan ba ko sau goma aka yi ta, ma'aikata masu karatu ma ba za su gani ba. Hirar da aka tsallake a wata na 3 ba ta wuce aikin mako kaɗan ba, tsallake ta ya ci gwajin fili guda da kusan wata tara.

Alfa kuwa ya kusa rufe maganar tun wata na 8. Da an tsaya a kansa, kamar yadda rahotanni da yawa ke yi, da cibiyar tana auna ra'ayin ma'aikatanta tana kiransa ingancin rayuwar marasa lafiya. A ganina saukar da ya yi a gwaji na biyu alamar lafiya ce, don amsoshin mutum na gaskiya ba sa zuwa a jere. Mutum yana iya amincewa da kansa kuma kaɗaici na damunsa.

Cibiyar ta amince da takardar don duba rukunin mutane a dunƙule, da kuma buɗe magana tsakanin likita da mara lafiya. Ta yi taka-tsantsan da karanta canjin makin mutum ɗaya, kuma lissafi ne ya sa. A ɗauki misali kawai: idan makin mutane yana warwatsuwa da kimanin 8, ICC kuma 0.85, kuskuren awo zai kai kusan maki 3, kuma sai canji ya kusa maki 9 kafin a tabbata ba kuskuren ba ne. Masu ReQoL-10 sun ba da maki 5 a matsayin canji mai ma'ana, sun kuma sa iyaka tsakanin 24 da 25 don raba masu buƙatar kulawa da sauran jama'a, amma daga bayanan Ingila aka fitar da waɗannan. Cibiyar ba ta ɗauki ko ɗaya ba tukuna. Ba ta kuma ba da takardar ga asibitin kwanciya da ya nema ba, saboda ba a gwada ta a kan wanda ciwonsa ke kan ganiya ba. Masu karantawa ana sake horar da su duk wata shida, kuma sabon ma'aikaci ba ya riƙe katin sai an zauna an saurare shi yana karanta wa mutum uku.